Kaiako, Masu Rainon Yara da Harshen Maori

A ƙasar Niyu Zilan, can kudancin tekun Fasifik, akwai wata sana'a da ake yin ta a zaune a ƙasa, yara suna hawa cinya suna sauka. Mai yin ta sunansa kaiako, kuma galibinsu mata ne. Wurin aikin ana ce masa kōhanga reo, wato sheƙar harshe. Gidan raino ne da ake kai yaro tun yana goye, ya zauna har ya isa shiga firamare yana ɗan shekara biyar ko shida. Doka ɗaya ce ta raba shi da sauran gidajen raino na ƙasar: da an taka bakin ƙofa an ajiye Turanci a waje. Da harshen Maori ake gaisawa, da shi ake cin abinci, da shi ake rarrashin mai kuka, a raba masu faɗa, a kwantar da mai jin barci. Da shi kuma yaro yake fara ganin baƙi a kan takarda.

Wanda ya leƙa ta taga zai ɗauka raino ne kawai irin wanda kowa ya sani. Nauyin da ke kan matar nan ya wuce haka. Yaron da aka miƙo mata da safe, sau da yawa daga gidan da ba a jin harshen ya fito. Ita za ta sa masa harshen a baki, ita za ta ɗora shi a kan hanyar karatu da wannan harshe, sannan ta juyo kan uwarsa da ubansa ta jawo su a hankali su biyo bayan ɗansu.

Kafin a fahimci dalilin da ya sa al'umma guda ta wayi gari tana neman mai koya wa 'ya'yanta harshen kakanninsu, sai an san cewa Maori ba baƙin alƙalami ba ne. Tun a 1820 wasu sarakunansu biyu, Hongi Hika da Waikato, suka je Jami'ar Kambirij a Ingila tare da ɗan mishan Thomas Kendall, suka zauna da Farfesa Samuel Lee aka tsara yadda za a rubuta harshen. A 1837 William Colenso ya gama buga Sabon Alkawari da harshen Maori a garin Paihia. A 1842 jarida ta farko ta fito da harshen, wasu da dama suka biyo bayanta, har da waɗanda Maori suka kafa da kansu. Mutane suka rungumi karatu hannu bibbiyu, wanda ya iya yana koya wa wanda bai iya ba, ana aika wa juna wasiƙu, ana rubuta salsalar dangi da tarihin ƙasa a littattafan gida. Yarjejeniyar Waitangi ta 1840 ma, wadda sarakuna sama da 500 suka sa wa hannu da wakilan sarautar Ingila, yawancinsu takardar da aka rubuta da Maori suka rattaba wa hannu.

Makarantar boko ce ta yanke wannan igiya. Dokar makarantun 'yan ƙasa ta 1867 ta sa Turanci ya zama harshen koyarwa, kuma gaskiya ne akwai iyayen Maori da suka nemi hakan da kansu, don suna ganin ɗan da ba ya jin Turanci za a cuce shi a kotu da kasuwa. Amma a cikin aji abin ya rikiɗe ya zama bulala. Sir James Henare, dattijon arewacin ƙasar da aka haifa a 1911, ya faɗa wa hukumar sauraron ƙorafi ta Waitangi a 1985 yadda aka aike shi daji yana yaro ya yanko tsumagiyar da aka zane shi da ita, laifinsa kawai ya yi magana da harshen gidansu a harabar makaranta. Yaran da suka sha irin wannan duka su ne suka girma suka ƙi yi wa nasu 'ya'yan harshen, don tausayi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuma sai ƙaura ta zo. A 1945 kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne na Maori suke zaune a birane, a 1986 sun kusa kashi 80 cikin ɗari, kuma an warwatsa gidajensu a tsakiyar unguwannin Turawa. A 1913 kimanin kashi 90 cikin ɗari na 'yan makarantar Maori suna jin harshen. A 1953 sun koma kashi 26. A 1975 ba su kai kashi 5 ba. Binciken da Richard Benton ya yi gida-gida daga 1973 zuwa 1978 ya nuna masu jin harshen sosai kimanin 70,000 ne suka rage, akasarinsu tsofaffi.

Matasa sun riga sun fara kururuwa. A ranar 14 ga Satumba 1972 Hana Te Hemara da 'yan ƙungiyar Ngā Tamatoa da abokan tafiyarsu suka kai wa majalisar ƙasa takardar koke mai ɗauke da sa hannun mutum sama da 30,000, suna neman a koyar da harshen a makarantu. Amma dabarar da ta haifi sana'ar kaiako daga wurin dattawa ta fito, a tarukan da Ma'aikatar Harkokin Maori ta riƙa kira a ƙarƙashin Kara Puketapu a ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980. Lissafin nasu mai sauƙi ne. Harshen yana bakin kakanni, kunnen da ya fi saurin ɗauka kuma na jarirai ne, iyayen da ke tsakiya ne suka rasa shi. To a ɗauki jikoki a ajiye su a gaban kakanni wuni guda, kullum. A watan Afrilu 1982 aka buɗe sheƙa ta farko a Pukeatua, cikin Wainuiomata kusa da Wellington, Jean Puketapu tana cikin waɗanda suka tsaya a kanta. Iritana Tāwhiwhirangi, tsohuwar malamar makaranta daga ƙabilar Ngāti Porou, ta shiga gari-gari tana zuga dangi su buɗe tasu, kuma ita ta daɗe tana jan ragamar tafiyar. Ta rasu a Fabrairu 2025.

Kaiako na farko ba su da takardar shaidar malanta. Tsofaffin mata ne, kuia, da wasu tsofaffin maza, kaumātua, yawancinsu ba a biyan su ko sisi. An buɗe sheƙa a marae, filin taro da zauren kakanni na kowace zuriya. An buɗe a zauren coci, a garejin mota, a falon gidan wani. Wasu daga cikin tsofaffin nan su ne aka doka a makaranta saboda harshen, ga shi yanzu an zo har gida ana roƙonsu su buɗe baki. Daga wannan asali ne al'adar wurin ta samo kamanninta. Har yau yaran sheƙa mokopuna ake kiran su, wato jikoki, ko da malamar ba ta wuce shekara ashirin da biyar ba. Su kuma suna ce mata whaea ko kōkā, wato inna, namiji kuma matua. A 1985 sheƙu sun haura 400, da yara sama da 6,000.

Wunin aiki da karakia yake farawa, addu'ar buɗe taro, sai waiata, waƙoƙi, sai gaisuwa. A nan ne kaiako take fara aza harsashin karatu tun ba a taɓa littafi ba. Kowane yaro ana koya masa pepeha ɗinsa, jawabin da Ba-Maori yake gabatar da kansa da shi a gaban jama'a. Sai ya ambaci dutsen yankinsu, ya ambaci kogi ko tafkinsu, da kwale-kwalen da ya kawo kakanninsa ƙasar, da ƙabilarsa da zuriyarsa da marae ɗinsu, ya ambaci iyayensa, sannan a ƙarshe ya faɗi sunansa. Yaro ɗan shekara uku zai miƙe tsaye ya jero wannan, sauran suna saurare har ya dire. A cikin wannan ɗan jawabi ya koyi cewa magana tana da farko da tsakiya da ƙarshe, ya koyi riƙe jerin abubuwa a ka, ya koyi jimla cikakkiya, ya koyi tsayawa a gaban mutane ba tare da in-ina ba. Kaiako kuwa ba ta isa ta ƙirƙira masa pepeha ba. Sai ta bi iyayensa ta tambaya, kuma a birni sau tari iyayen ba su sani ba, sai sun buga waya ƙauye sun tambayi wata goggo. Da yawa daga iyalan da suka sake gano asalinsu ta wannan ƙofa suka shiga, don an ce ɗansu zai tashi ya yi jawabi ranar Juma'a.

Gwanintar sana'ar tana cikin yadda ake magana da yaron da bai san ko kalma ɗaya ba, alhali an hana fassara. Kaiako tana aiki da hannu da ido da fuska. Tana faɗin abin da take yi a daidai lokacin da take yin sa: ga ruwa ina zubawa, ga hannunka ina wankewa, ga takalminka na hagu. Tana maimaita jimla ɗaya a wuri ɗaya kullum, har jimlar ta manne da aikin. Idan yaro ya amsa mata da Turanci ba ta tsawata masa, domin tsawa ce ta kashe harshen tun farko. Sai ta karɓi maganarsa ta mayar masa da ita cikin Maori, ta ci gaba da hira kamar da shi ya faɗa. Idan ya yi kuskuren nahawu ma haka, ta faɗi daidai ɗin a cikin amsarta ta wuce. Ba ta da lokacin yin shiru. Canza wa jariri ƙunzugu darasi ne, rabon abinci darasi ne na ƙirga da sunayen launi, fita tsakar gida darasi ne na sunayen tsuntsaye da itatuwa da iska. Wadda ta yi wannan na awa shida ta san gajiyar maƙogwaro.

Tana da mataimaka da ba a rubuta sunansu a takardar albashi ba, su ne manyan yaran. A tsarin Maori wa yana da haƙƙin kula da ƙane, ana kiran wannan dangantaka tuakana da teina. Shi ya sa sheƙa ba ta cika raba yara aji-aji bisa shekaru ba. Ɗan shekara huɗu zai riƙe hannun ɗan shekara biyu ya kai shi wurin wanke hannu, ya gyara masa kalma, ya zaunar da shi ya buɗe masa littafi yana ba shi labarin hotunan. Kaiako mai basira tana sane da cewa ranar da ta ji yara biyu suna rigima a kan abin wasa da harshen Maori, babu babba a kusa, ranar ce aikinta ya kama ƙasa. Harshen da yaro yake yi wa malama kaɗai na makaranta ne, wanda yake faɗa da shi kuwa ya zama nasa.

Daga baki zuwa takarda hanyar ba ta da nisa, kuma wannan sa'a ce da harshen ya zo da ita. Wasula biyar ne, a, e, i, o, u. Baƙaƙe goma ne: h, k, m, n, p, r, t, w, da tagwaye biyu, ng da wh. Kowace gaɓa da wasali take ƙarewa, kuma yadda aka rubuta haka ake furtawa. Saboda haka da gaɓa ake koyarwa, ta, te, ti, to, tu, kamar yadda ɗan aji ɗaya a Kano ko Damagaram yake rera ba, be, bi, bo, bu. Yaron da kunnensa ya saba da tsinka kalma gaɓa-gaɓa a cikin waƙa da tafi da wasan sanduna, idan ya ga gaɓoɓin a rubuce ba baƙi ba ne a wurinsa. Abin da ke buƙatar kulawa shi ne tsawon wasali, wanda ake nunawa da ɗan layi a kan harafi, tohutō. Wahine mace ɗaya ce, wāhine mata ne da yawa. Mutanen yankin Waikato kuwa sun fi son ninka wasalin a maimakon ɗora masa layi. Ga kuma karin harshe: Ngāi Tahu na tsibirin kudu suna sa k a inda wasu suke sa ng, Tūhoe suna sa n, mutanen Taranaki da Whanganui suna haɗiye h. Littafin da aka buga a Wellington ba lallai ya zo da karin yankin da sheƙar take ba, sai kaiako ta karanta shi da bakin mutanen wurin, don kada jika ya koma gida yana yi wa kakarsa magana da karin wasu.

Ba a matsa wa yaran sheƙa su iya karatu kafin firamare, kuma a ganina daidai ne. Abin da ake so yaro ya fita da shi shi ne ya san littafi yana da gaba da baya, rubutu daga hagu yake tafiya zuwa dama, baƙaƙen nan magana ce aka daskarar, kuma maganar irin tasa ce. Ya gane sunansa a jikin maratayin jakarsa. Ya riƙe fensir ya yi zane ya ce wasiƙa ce ya rubuta wa kakarsa, a karɓa a karanta da girmamawa. Fiye da komai, ya tara kalmomi da labarai masu yawa a kansa, domin yaron da ya iya haɗa baƙi amma bai san ma'anar abin da ya haɗa ba bai yi karatu ba tukuna. Nan ne tatsuniyoyi da labaran kakanni suke shigowa, irin na Māui da ya kamo tsibirin arewa da ƙugiya daga ƙarƙashin teku, ya kuma ɗaure rana don ta rage gudu. A sheƙun da ke kan marae akwai wani karatun ma da ya riga na takarda. Ana shiga da yara zauren kakanni a nuna musu sassaƙen ginshiƙai, kowane ginshiƙi kaka ne mai suna da labari. A nuna musu saƙar bango, tukutuku, a ce wannan zane mai hawa-hawa kamar matakala sunansa poutama, yana nufin hawan matakan ilimi. Yaron da ya saba ganin alama ya san tana ɗauke da magana ya riga ya yi rabin tafiya.

Littafin kansa shi ne ya fi ba su wahala a farko. A 1982 littattafan yara da harshen Maori ba su taka kara sun karya ba. Akwai ɗaiɗaiku, irin labarin tsohuwa da gizo-gizo na Patricia Grace wanda Robyn Kahukiwa ta yi wa zane, da ya fito a 1981 da Turanci da Maori, amma littafi ɗaya ko biyar ba sa riƙe yaro shekara huɗu. Sai kaiako da iyaye suka koma maƙera. A sayo littafin hotuna na Turanci, a zauna da dare a fassara, a buga a keken rubutu ko a rubuta da hannu, a yanka da almakashi a manne a kan Turancin. A ɗauki hotunan yaran sheƙar suna wasa ko suna ziyarar bakin teku, a manna a kwali, a rubuta jimla ɗaya a ƙarƙashin kowane, a ɗinke. Irin wannan littafi na gida yakan fi na kanti shiga ran yaro, don shi ne a ciki, ga kakarsa, ga dutsen garinsu. Daga baya marubuta irin su Kāterina Te Heikōkō Mataira suka duƙufa, mawaƙi Hirini Melbourne ya yi wa yara waƙoƙi masu yawa a kan tsuntsaye da ƙwari da itatuwa, kamfanin ɗab'i na Huia da Robyn Bargh ta kafa a 1991 ya shigo, gwamnati ma ta riƙa buga nata. Duk da haka almakashi da gam ba su bar teburin kaiako ba har yau.

Sai iyaye, waɗanda su ne rabin aikin da ba a gani. Tun ranar farko ba a tsara sheƙa a matsayin wurin ajiye yaro a tafi ba. Whānau, wato dangin yaran gaba ɗaya, su ne masu wurin. Su suke zama taro a kai a kai, su ɗauki ma'aikata, su duba kuɗi, su gyara rufi, su tuƙa motar ɗaukar yara. Iritana Tāwhiwhirangi ta sha nanata cewa gina dangi ne manufar, yaro ƙofa ce. Uwar da ba ta taɓa riƙe littafin kuɗi ba ta zama ma'aji, uban da bai taɓa magana a taro ba ya zama shugaba, kuma mata da yawa daga nan suka wuce jami'a. Amma akwai ciwo a ciki. Yaro zai dawo gida da waƙa da tambaya da littafi a jaka, ya miƙa wa uwarsa, ita kuwa ba ta iya karanta masa ba. Kunyar da ke kama babba a irin wannan hali Maori suna kiran ta whakamā, kuma ta kori iyaye da dama. Kaiako ta gari tana lura da uwar da take ajiye yaro a bakin ƙofa ta juya da sauri. Sai ta fara da ita da kaɗan: gaisuwa yau, jimlar kiran yaro cin abinci gobe, takarda mai kalmomi biyar da za a manna a jikin firij. Da yawa daga iyayen sun shiga azuzuwan Te Ataarangi, hanyar koyar da manya da Kāterina Mataira da Ngoingoi Pēwhairangi suka fara a 1979, inda ake koyon magana da 'yan sanduna masu launi-launi ba tare da fassara ko littafin nahawu ba. Idan gida bai karɓa ba, awa talatin na mako a sheƙa suna fafatawa ne da talabijin da waya da titi, kuma ba kullum suke yin nasara ba.

Yaran farko da suka fita daga sheƙa sun tarar da firamaren Turanci tana jiran su, cikin 'yan watanni harshen ya fara zubewa. Iyayen ba su tsaya kuka ba. A 1985 aka buɗe makarantar firamare ta farko mai koyar da komai da Maori, kura kaupapa, a marae na Hoani Waititi da ke yammacin Auckland, Pita Sharples yana cikin jagororinta. A 1986 hukumar Waitangi ta yanke cewa harshen dukiya ce da yarjejeniyar 1840 ta wajabta wa gwamnati karewa, a 1987 kuma doka ta mai da shi harshen hukuma. Ana iya auna nisan tafiyar da abin da ya faru a 1984, lokacin da aka sauke wata ma'aikaciyar wayar tarho, Naida Glavish, daga kujerarta don tana gaida masu kira da kia ora, gaisuwar Maori, har sai da maganar ta kai ga firayim minista aka mayar da ita. Labarin sheƙa ya ƙetare teku. Mutanen Hawai, waɗanda dokar 1896 ta fitar da harshensu daga aji, suka kafa ʻAha Pūnana Leo a 1983 suka buɗe sheƙarsu ta farko a Kekaha a 1984. A arewacin Finlan, Sami na Inari, da masu jin harshensu 'yan ɗaruruwa ne, suka buɗe tasu a 1997.

A 1993 sheƙu sun haura 800, da yara sama da 14,000, kusan rabin duk yaran Maori da ke gidajen raino a lokacin. Daga nan aka fara gangara, kuma dalilin da ya fi kowanne nauyi ya shafi sana'ar kai tsaye. A 1990 an ɗauke sheƙu daga Ma'aikatar Harkokin Maori an mayar da su ƙarƙashin Ma'aikatar Ilimi, aka auna su da ma'aunin sauran gidajen raino: faɗin ɗaki, tsayin shinge, yawan banɗaki, tulin takardu, da shaidar malanta. Ba na ganin laifin dokar da ta ce a kare yaro daga gobara ko faɗuwa. Inda aka yi ɓarna shi ne wurin tantance wane ne gwani. Tsohuwar da ta tashi da harshen, ta san waƙoƙin zuriyarta da salsalarta, ta raini 'ya'ya da jikoki, a takardar gwamnati ba ta da cancanta. Hukumar amintattun sheƙu ta ƙasa ta tsara nata horon na shekara uku, Tohu Whakapakari, wanda ake yi ana cikin aiki, dattawa da dangi suna cikin masu tantance ɗalibi. Amma tsarin rabon kuɗi bai ɗauke shi daidai da shaidar malanta ta jami'a ba, don haka kuɗin da ke shiga sheƙa ya gaza na sauran, albashi ya yi ƙasa, gine-gine suka tsufa. Wadda ta ƙware sai firamare ko gidan talabijin ko ofishin gwamnati su ɗauke ta da albashin da sheƙa ba ta iya biya. Abin mamaki, manhajar gidajen raino ta ƙasar baki ɗaya, Te Whāriki ta 1996, wadda ake yabo a duniya, da tunanin sheƙa aka saƙa ta, domin Tamati Reedy da Tilly Reedy ne suka wakilci sheƙu wajen rubuta ta tare da Helen May da Margaret Carr.

A 2011 hukumar amintattun ta kai ƙara gaban hukumar Waitangi. Rahoton da ya fito a 2012, Matua Rautia, ya tabbatar da cewa gwamnati ta saɓa wa ƙa'idojin yarjejeniya, domin tsarinta na kuɗi da dokoki bai dace da abin da sheƙa take ba, ya kuma nemi a gyara. Gyaran ya zo a hankali. A kasafin 2019 an ware dalar Niyu Zilan miliyan 32 don albashi da gyaran gine-gine, wasu kuɗin suka biyo baya. Akwai kuma dalilan da ba na gwamnati ba. Iyaye masu aikin yini suna neman wurin da zai riƙe yaro har magariba, ba kowa ne yake da sukunin zaman taron dangi ba, kuma tsofaffin da aka gina abin a kansu ƙasa ta rufe yawancinsu. Yau sheƙun ba su kai 500 ba.

Wannan rashi na tsofaffi shi ya sauya fuskar sana'ar fiye da komai. Kaiako ta yau sau da yawa ko dai da girmanta ta koyi harshen, ko kuma ita kanta 'yar sheƙa ce da ta dawo. Tana da abin da kuia ta 1982 ba ta da shi: horo, littattafai, ƙamus a waya, sababbin kalmomi na kwamfuta da kimiyya da hukumar harshen, Te Taura Whiri i te Reo Māori, ta tsara. Abin da take nema ido rufe shi ne zurfin harshen, salon magana da karin magana da barkwancin da ba a samu a aji. Shi ya sa za ka ga tana sauraron tsofaffin faya-fayen rediyo na dattawan yankinta, tana zuwa zaman makoki da taron marae da kunne a buɗe, tana ɗauko tsohuwa ɗaya da ta rage a unguwa ta zo ta zauna da yara ko da sau ɗaya a mako. Idan harshen malama ya yi rauni, raunin ne yara ashirin za su gada su kai firamare.

Waɗanda suka fara rarrafe a sheƙa a shekarun 1980 yanzu su ne lauyoyi da likitoci da masu karanta labarai da malaman jami'a, ana kiran su tsarar kōhanga, kuma 'ya'yansu ne suke cika sheƙun yau, wasunsu da Maori a matsayin harshen farko tun daga gida. Hana-Rawhiti Maipi-Clarke, wadda ta shiga majalisar ƙasa a 2023 tana da shekara 21, ta wannan hanya ta biyo. Ƙidayar 2023 ta sami mutum sama da 213,000 da suka ce suna iya hira da harshen, daga kimanin 186,000 a 2018, gwamnati kuma ta sa wa kanta burin mutum miliyan ɗaya masu jin harshen gwargwado kafin 2040. A manyan birane iyaye suna rubuta sunan yaro a layin jira tun yana ciki. Abin da ya hana a buɗe musu ƙofa a wurare da yawa shi ne ƙarancin kaiako, domin horar da mutum ɗaya da zai iya wuni yana magana da jarirai cikin Maori mai kyau yana cin shekaru, kuma firamare da sakandare da gidajen watsa labarai duk a kan wannan mutum ɗaya suke rububi.